Aladen da Aka Raba da Baki

Rifkatu, Dauda, da kai Auta, wannan babin naku ne. Duk shekara in kun taru kun ci kun ƙoshi, sai ɗayanku ya tayar da labarin aladen nan Biskit, ku yi ta dariya har da riƙe ciki, kuna cewa Babanku ya kusa cinye ɗan gida, Baba Istifanus kuma mugun tsoho ne mai yawo da wuƙa. Auta ma da ba a haife shi ba a lokacin ya fi kowa iya ba da labarin. Ina jin ku, ba na tanka muku, don ba na son in gyara muku zance a gaban surukai. Amma yanzu Babanku ba ya nan balle ya kare kansa, tsohon kuma ya daɗe da rasuwa, don haka bari in faɗa muku yadda abin ya kasance, ni da na yi watanni ina yawo da shi a ƙirji.

A shekarar ne muka bar ɗan afatmen ɗinmu na cikin Greensboro, nan Amurka, muka kama hayar wani tsohon gida a Pleasant Garden. Babanku ya gama karatu ya samu aiki a jami'a, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi na rabin yini. Gidan ba abin nunawa ba ne, rufinsa ma yana yoyo ta wajen kicin, amma bayansa fili ne har bakin itatuwa, ni kuwa rabona da irin wannan fili tun da na bar ƙauyenmu a kudancin Kaduna. Ranar Lahadi da safe muna zuwa cocin Turawa, da yamma kuma mu hallara a zumuntarmu ta 'yan gida, a falon Baba Istifanus da ke Sedgefield. Ku ba ku san tsohon nan yadda muka san shi ba. Shi ya riga kowa zuwa garin. Duk wanda ya sauko daga jirgi da akwati ɗaya da rigar sanyin da ba ta tare komai, a gidansa yake fara kwana, mu ma a can muka yi watanninmu na farko, matarsa Mama Laraba tana ciyar da mu. Shi ya koya wa Babanku tuƙi a titunan nan, shi ya riƙe Dauda ranar da aka miƙa shi a coci. Mahaifiyarsa 'yar yankinmu ce, saboda haka bai taɓa kirana da suna ba, sai dai “'yata”. In na yi girki kuwa, shi ake fara ɗibar wa.

A shekarun nan na casa'in an yi wani irin yayi a ƙasar nan, na ajiye ƙananan aladu a cikin ɗaki kamar mage. Masu sayarwa suna rantsuwa cewa ba za su wuce girman ɗan kwikwiyo ba, masu hali kuma suna ta saye. A cocinmu na safe akwai wata dattijuwar Baturiya da mijinta ya rasu, muna ce mata Mis Dorati, gidanta a Irving Park. Wata Lahadi a ƙarshen lokacin zafi ta kama hannuna bayan sujada, ta ce ta ji an ce na tashi cikin kiwon aladu, ko za mu zo gidanta ni da maigidana. Muka je. Ta ratsa da mu ta falo biyu, ta buɗe ƙofar ɗakin wanki, sai ga wani alade a ciki. Mahaifiyata da kiwon aladu ta rene mu, daga kukan alade kawai nakan gane ko yana da lafiya, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Baƙi ne, gajere, cikinsa yana jan ƙasa. Kitse ya gangaro daga goshinsa ya rufe masa ido ruf, ba ya ganin komai. Kofatansa sun yi tsawo sun lanƙwashe sama, don bai taɓa taka abu mai tauri ba sai kafet, in zai tashi sai ya durƙusa a kan gwiwa yana nishi. Fatar bayansa ta bushe tana tsagewa. Ƙofar ɗakin duk ya gwaguye ta daga ƙasa, ya ɗaga ledar daɓen da hancinsa, domin alade in bai tona ƙasa ba haukacewa yake yi. Ga shi an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya kamar mai zuwa biki.

“Sun ce mini ba zai wuce haka ba,” in ji ta, ta ware hannuwa kamar mai riƙe da kankana. “In na hana shi abinci sai ya yi ta kuka kamar jariri, ni kuma ba na iya ji. Kek yake so, da askirim.”

Ta ce ta sayar da gidan, za ta koma gidan tsofaffi, can kuma ba a shiga da dabba. Ta buga waya duk inda aka ce ana karɓar irinsu, ko'ina ya cika, don kowa nasa ya girma ya fi ƙarfinsa. Ta haɗa mana bargonsa da burushinsa da kwanonsa mai ɗauke da sunansa, Biskit. Da aka ɗora shi a bayan a-kori-kurar da muka aro, sai ta sunkuya ta sumbaci goshinsa tana kuka. Tun a nan gabana ya fara faɗuwa. Babanku kuwa tun kafin mu fita unguwar ya fara murmushi shi kaɗai.

“Allah ya tuna da mu,” ya ce. “Kin ga girman cinyar nan? Bana za mu yi bikin Kirsimeti irin na gida.”

“Baban Rifkatu, anya matar nan don yanka ta ba mu shi?”

“To don me? Wa yake ba mutum alade don ya zauna yana kallonsa?”

“Ka dai ga kukan da ta yi. Har bargo ta haɗa mana.”

“Iyata ma in za a kai akuyarta kasuwa kuka take yi. Sabo ne, zai wuce.”

Kada ku ga laifinsa da yawa. A wajenmu, dabbar da aka ba ka kyauta alheri ce ta shigo gidanka, kuma mutumin kirki ba ya rufe ƙofa ya ci alheri shi kaɗai. Abin kunya ne a ji an ba ka alade ka yi shiru. Na ce a raina zan bar shi ya huce daga murnar, in same shi da magana a tsanake. Ban samu wannan damar ba. Lahadin da ta biyo, ana gama addu'ar rufewa a zumunta, ku yara kuna ƙasan bene kuna wasa, sai ya miƙe ya gyara murya ya ce Ubangiji ya ba shi alade, kuma aladen na jama'a ne. Falo ya ɗauki tafi da guɗa. Baba Istifanus ya tashi ya yi abin da dattawanmu suke yi, wato ya raba shi da baki. Kai nasa ne, tunda shi ne babba. Hanta ta mai yi mana wa'azi. Ƙafafu na mata, su yi farfesu. Ya bi gida-gida yana ambato, wannan cinya, wancan haƙarƙari, bai manta kowa ba. Kuma daga ranar da aka raba dabba da baki a gaban dattawa ta tashi daga ta mai ita, shi dai mai tsaro ne har ranar yanka. Da ya gama sai na ga yana share ido da bayan hannu. Ya ce ya gaji da cin naman cikin leda wanda bai san wanda ya kiwata shi ba, ya ce rabonsa da jin ƙamshin babbaka tun yana da baƙin gashi. Ni ma na yi tafi, amma ba da zuciya ɗaya ba.

To amma ko dabbar yanka ce ba a barinta cikin wahala, haka aka koya mini. Babanku ya kewaye gefen fili da shinge, ya kafa masa ɗan ɗakin katako, muka zuba ciyawa. Ranar farko da ƙafarsa ta taɓa ƙasa, tsayawa ya yi yana rawar jiki, sannan ya kafa hanci ya fara tono, bai ɗago ba sai da rana ta yi sanyi. Na yanke masa kek da duk wani zaƙi, na koma ba shi ganyen kabeji da kabewa da 'yar dusa. Kwanakin farko ya yi kukan da na ɗauka maƙwabta za su kira mana 'yan sanda. Na haƙa masa rami na cika da ruwa ya samu taɓon birgima, na riƙa shafa masa man kaɗanyar da na ɓoye don ƙafafuna. Na kira likitan dabbobi ya yanke masa kofato. Shi ne ya gaya mini cewa irin waɗannan da yawa mahauta suke ƙarewa, wasu kuma masu su da yunwa suke horar da su don kada su girma. Na saurare shi ina gyaɗa kai, ban gaya masa an riga an raba wanda yake dubawa ba.

Ke Rifkatu, ban sani ba ko kina tuna yadda kike a lokacin. Kin zo ƙasar nan da bakinki cike da Hausa, yaran makaranta suka yi ta kwaikwayon maganarki har kika daina. In na yi miki Hausa sai ki amsa da Turanci, kalma ɗaya ko biyu, ki wuce. Da muka koma Pleasant Garden kika shiga sabuwar makaranta, abin ya ƙaru. Ba ki da ƙawa ko ɗaya. Kina sauka daga bas sai ɗaki, ki rufe ƙofa. Na yi addu'a, na yi faɗa, na yi lallashi, duk a banza. Sai ga wannan makahon alade. Tunda ba ya gani, da murya yake gane mutum, kuma cikin muryoyin gidan duka taki ya zaɓa. Da ya ji ƙarar bas zai ja jiki zuwa bakin shinge yana gurnani. Kika fara tsayawa, kika fara shiga, kika koma kifa bokiti ki zauna kina karanta masa littafin makaranta da ƙarfi, kina sosa masa ciki da burushin Mis Dorati. Wata rana da la'asar ina shanya sai na ji ana cewa, “Kai, Biskit, matsa can, ba ka da kunya?” Da Hausa, da irin muryata sak. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Da kitsen goshinsa ya fara janyewa, ke kika rugo kicin kina haki, kika ce in zo in gani, yana da ido, kuma yana kallonki. Na bi ki na gani. Na yi murna ƙwarai, amma ina komawa kicin na dubi ganyen itatuwa ya fara ja, na san ranar yanka ta kusa.

Daga nan ban ƙara samun natsuwa ba. Ranar Asabar Baba Istifanus yakan zo da kabewa cike da but ɗin mota, irin wadda Turawa suke yi wa ado su zubar, ya jingina da shinge yana duba rabon jama'a.

“'Yata, wannan kiwo ne ko horo? Na bar shi da cinya, na dawo na tarar da ƙashi.”

“Baba, likita ne ya ce a rage masa kitse.”

“Likita? Alade kika kira wa likita?” Ya yi dariya har da tari. “To ki dai bar mana abin da za mu soya.”

Ranar Lahadi da safe kuma motar gidan tsofaffi ta sauke Mis Dorati a ƙofar coci, ta lalubo ni da sandarta. Yana barci da bargonsa? Yana jin sanyi? Ya manta da ita? Duk abin da na gaya mata gaskiya ne, yana tafiya da ƙafarsa, yana gani, yana da ƙawa. Sai ta riƙe hannuna ta ce Allah ne ya aiko mata ni, ta ce bayan sabuwar shekara za ta sa a kawo ta ta gan shi. Ina shiga sujada ba na jin ko kalma ɗaya daga bakin fasto. Na yi tunanin in gaya mata, amma me za ta iya? Ba ta da inda za ta kai shi, sai dai labari ya bazu a coci cewa 'yan Afirkan nan an ba su amana za su cinye.

Na samu Babanku na ce mu sayi wani a gona mu ba jama'a, tunda a jihar nan ko'ina ka juya gonar aladu ce. Yana tsaye a tagar kicin yana kallonki a cikin shinge. Shi ma ya rame a kwanakin nan, kada ku ɗauka bai gani ba.

“In koma in ce wa Baba me? In ce matata da 'yata sun ce a'a? Na riga na buɗe baki a gaban mutane, Saratu.” Can ya ce, “Je ki gwada. Ke 'yarsa ce.”

Na je ranar da na san babu kowa sai shi da Mama Laraba. Na durƙusa a gefen kujerarsa na faɗa masa komai, na matar, na yarinyar. Na ce za mu kawo wanda ya fi wannan girma da daɗin nama. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba.

“Kina ganin nama nake nema? Kanti cike yake da nama,” ya ce. “'Yata, mun zo ƙasar nan ba mu da gona, ba mu da dangi, ba mu da komai sai bakinmu. In mutum ya tashi a gaban jama'a ya ce ga shi, to ga shi. Yau alade ne. Gobe in na ce ga yadda nake so a yi da gawata, 'ya'yanku za su ce ai ana canza magana, sun gani a wajen iyayensu.”

“Baba, yarinyar ba ta da kowa sai shi.”

“Za ta yi kuka ta share. Ke ba ki yi kuka ba da aka yanka na mahaifiyarki?”

Na yi mana. Duk shekara nakan ɓuya a bayan rumbu in toshe kunne. Amma ni in na fito daga bayan rumbu akwai yaran unguwa cike da tsakar gida suna jirana, kuma ba wanda ya taɓa raɗa wa namu suna. Na so in gaya masa haka, na fasa. Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma tsoron da yake ji ni ma ina jin irinsa duk lokacin da kuka amsa mini da Turanci. Na tashi na yi masa sallama, ya ce in gaida gida.

Ana saura 'yan makonni Kirsimeti, wata yarinya a zumunta ta gaya miki cewa mamanta ta ce su za a ba ƙafar baya. Muna shiga gida kika tsaya a gabana da takalman coci, kika tambaye ni da Turanci ko gaskiya ne. Na ce ki je ki cire kayan coci. Kika dube ni, kika tafi. Na zaci za ki yi ihu, ki yi birgima, da ma hakan kika yi da na fi samun sauƙi. Sai kawai kika daina cin abinci, kina juya cokali a faranti har a kwashe. Malamarku ta bugo waya ta ce ko akwai abin da ke faruwa a gida. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kin daina zuwa shinge. Bas zai tsaya, Biskit ya zo bakin waya yana kiranki, ke kuma ki bi ta ƙofar gaba, ki shige ɗaki ki rufe. Yarinya ƙarama ta fara koya wa kanta rabuwa tun kafin a raba ta, kuma na san ba da alade kaɗai take rabuwa ba, har da mu.

Asabar ɗin ƙarshe kafin Kirsimeti aka sa ranar yanka. Da sassafe Anti Ladi ta zumuntarmu ta zo ta ɗauke ki ke da Dauda, wai za ku je kallon kayan ado a kantuna. Kin shiga motar ba ki waiwaya ba. Kafin hantsi motoci sun cika ƙofar gida. Maza suka girka rabin duro a kan duwatsu suka hura wuta, mata suka jera robobi da tukwane, sanyi yana yanka kunne amma kowa fuskarsa a sake. Baba Istifanus ya sa wata tsohuwar rigar saƙi da ban taɓa ganinsa da ita ba, yana wasa wuƙa yana rera waƙar sujada a hankali. Ni kuwa ina kicin, na riga na dafa shinkafa da kaji don masu aiki. Ban shirya komai ba, ina so ku san wannan. Ban tashi da niyyar yin jarumta ba, addu'ata kawai a yi a gama kafin ku dawo.

Sai aka aiko in fito. A wajenmu alade dukiyar mace ce. Ita take dafa masa dusa, ita take share masa wuri, saboda haka namiji ba ya tsallaka shingenta ya kamo shi. Ranar yanka ita za ta shiga ta ɗaura masa igiya, ta fito da shi, ta miƙa wa maza da hannunta. Haka mahaifiyata take yi, haka mahaifiyar Baba Istifanus ta yi. Ya miƙo mini igiyar yana murmushi.

“'Yata, fito mana da shi.”

Na karɓa, na shiga, na ja ƙofar a bayana. Biskit ya taho yana shinshina zanena, ya leƙa bayana ko kina biye, da bai gan ki ba sai ya kwanta a gabana ta gefe ɗaya ya miƙe ƙafafu, yadda yake yi in yana so a sosa masa ciki. Ina jin tafasar ruwa a duro. Na sunkuya da igiyar, hannuna ya ƙi. Na sake gwadawa, ya ƙi. Sai na ga kaina zaune a kan bokitinki, igiyar a cinyata.

“Baba, ka yi mini gafara. Ba zan fito da shi ba.”

Wani daga cikin mazan ya ce ai tsoro take ji, bari ya shiga ya kamo. Ya kai hannu kan ƙofar ke nan tsohon ya daka masa tsawa.

“Kada wanda ya taɓa ƙofar nan! Shingen mace ne.” Ya juya wajen Babanku. “Bitrus, ka ji matarka?”

Nan ne nake so ku buɗe kunne. Da Babanku ya ce, Saratu, tashi ki fito da shi, ban san abin da zan yi ba, mai yiwuwa da na tashi. Duk abokansa suna kallonsa, mutumin da ya riƙe shi kamar ɗa yana jiran amsa. Ya dubi ƙasa.

“Na ji, Baba,” ya ce. “Ita take ciyar da shi.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma na san abin da ya ci masa. Baba Istifanus ya sake tambayata ko na tabbata, na ce na tabbata, ban iya ɗaga kai ba. Ya nemi tsohuwar jarida ya naɗe wuƙarsa a hankali. Na fito na durƙusa na roƙe shi ya shiga ya ci abinci ko loma ɗaya. Ya ce ya ƙoshi. Ya shiga mota, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, mata suna kwashe robobinsu ba mai kallona. Babanku ya juye ruwan zafin a kan wutar, ya zauna a kan dutse har hayaƙin ya ƙare. Da la'asar Anti Ladi ta dawo da ku. Kin ga toka da duro a kife, kika sunkuyar da kai kika nufi ƙofar gaba. Sai Biskit ya ji muryar Dauda, ya kwarara kukan yunwa daga cikin shinge. Kika tsaya cak. Da yamman nan faranti biyu kika ci, kika tambaya ko akwai saura.

Ku a nan labarinku yake ƙarewa, shi ya sa yake ba ku dariya. Nawa bai ƙare a nan ba. Babanku ya ajiye jagorancin waƙa a zumunta da kansa, ya koma kujerar baya, ya daɗe a can. Wasu matan suka ce na zaɓi alade na bar mutane, maganar har gida Najeriya ta kai. Mis Dorati ta zo bayan sabuwar shekara ta gan shi yana tono, ta yi kukan daɗi, har ta rasu ba ta san komai ba. A hankali jama'a suka huce, aka koma shiga gidanmu. Tsohon ne kaɗai bai dawo ba. Bai taɓa zagina ba, in na gaishe shi yana amsawa, amma daga ranar na zama Maman Rifkatu. In an yi taro aka jera abinci, sai ya tambaya a hankali wace tukunya ce tawa, ya tsallake ta. Da aka haife ka, Auta, wani ne ya riƙe ka a coci. Ban yi nadamar ƙin miƙa igiyar nan ba, ko sau ɗaya, amma na yi kewar mutumin nan kamar yadda ake kewar uba, ga shi kuwa duk mako ina ganinsa.

Shekaru kaɗan bayan haka ya kwanta a asibiti, kwanciyar da bai tashi ba. Mama Laraba ta gaya mini a waya cewa ba ya iya haɗiyar komai, sai ambaton kunun gyaɗa yake yi, irin na yankinmu mai tsamiya, ita kuma nata bai yi masa ba. Na bar abin da nake yi, na soya gyaɗa na niƙa, na dama shi yadda mahaifiyata take damawa, na cika fulas na kai. Ya rame har na kusa ban gane shi ba. Ya dube ni, ya dubi fulas ɗin, ya daɗe yana kallonsa.

“An gode, Maman Rifkatu,” ya ce. “Ajiye can.”

A cikin makon nan ya cika. Amma tun a ranar da na kai, da yamma, Mama Laraba ta biyo ta gidanmu ta miƙo mini fulas ɗin ta tagar mota, ba ta iya haɗa ido da ni ba. Ina karɓa na ji nauyinsa. Na shiga kicin na buɗe, kunun yana nan yadda na zuba shi, har da sauran ɗumi. Na kasa sha, na kasa zubarwa. Na zagaya wajen shinge na juye wa Biskit a kwanonsa, ina tsaye ina kuka ya shanye tas, ya ɗago kai yana neman ƙari.